Sallamar Haladu Maikasuwa

Shagon ɗinkina yana kallon shagon takin Alhaji Lawal a Kazaure, kwata ce kawai ta raba mu, don haka abin da zan faɗa a kan Haladu da idona na gani, ko da kunnena na ji. Ƙauyenmu ma ɗaya, can bayan Gwiwa. Shi ne ɗan farin Inna Tasalla, ita kuwa ba ta kama sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce Maikasuwa, don ranar kasuwar Gwiwa ta haife shi. Iyakar abin da sunan ke nufi ke nan. Haladu ne ya ɗauka ya yi masa wata fassarar.

Yana saurayi ya shigo Kazaure bayan rasuwar mahaifinsa, ya kama dako. Alhaji Lawal ya ga yana da zuciyar nema, ya jawo shi jikinsa. Daga ɗaukar buhu ya koma auna iri da sayar da maganin feshi, daga nan mabuɗin shago ya koma aljihunsa, har tuƙin motar Alhaji ya zama nasa. Zan faɗi gaskiyarsa tun kafin in fara tsiyarsa: Haladu ba ɓarawo ba ne. Shekara goma sha wani abu yana riƙe da wannan shago, ko mudun taki bai taɓa yin ƙafa ba.

A kasuwa, yaro ba ƙuruciya ba ce. Ko furfura ta cika maka gemu, muddin a ƙarƙashin wani kake, kai yaronsa ne, shi ubangidanka. Abin da kowane yaro ke jira kuwa shi ne sallama, wato ranar da ubangida zai kira shi gaban mutane, ya ba shi jari ko shago, ya sa masa albarka ya ce je ka tsaya da ƙafarka. Alhaji ya yi wa Haladu wannan alkawari da bakinsa. Ya kama wani shago a Babura, ya ce na Haladu ne, a bari sai bayan kaka. Da Haladu ya iya haƙuri, da yau wani labarin nake bayarwa.

To amma zamani ya zo da wata cuta. Mai sayar da katin waya a kan benci Darakta ne. Mai 'yan kaji a bayan ɗaki shugaban kamfani ne. Kowa maigida, na rasa inda yara suka tafi. Cutar ta kama Haladu kamun kazar kuku. Da Alhaji ya tafi masallaci sai Haladu ya haye kujerarsa, ya ajiye mabuɗin mota a kan tebur yadda zai fito sosai, ya ɗauki hoto ya watsa a waya, a ƙasa ya rubuta Shugaban Kamfanin Maikasuwa. Ni nake masa ɗinki, na san abin da yake samu a kan shadda yake ƙarewa. Alhaji bai taɓa ganin hotunan ba, don wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila.

Shi Alhaji, in ka gan shi sai ka ba shi sadaka. 'Yar shara ce koɗaɗɗiya da silifas, kuma kowace safiya da hannunsa yake share bakin shagonsa, yana cewa arziki ba ya shiga inda mai shi ke ƙyamar tsintsiya. A haka Kawu Daudu, ƙanin Inna Tasalla, ya tarar da su ranar da ya zo sayen maganin feshi: Haladu a ciki cikin farar shadda, tsoho a waje da tsintsiya. Alhaji ya amsa gaisuwa ya wuce gida karin kumallo. Ina kan keken ɗinki ina ji Kawu ya tambaya, “Wannan dattijon fa?”

“Yarona ne, Kawu,” in ji Haladu. “Tsufa ya kama shi, don Allah nake riƙe da shi.”

Sai da allura ta kusa ɗinke mini yatsa.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama ƙauye. Inna Tasalla ta zama uwar Darakta. Matar da ta yi shekaru tana surfe da sussuka a gidajen mutane, yanzu in ana biki ita ake fara shimfiɗa wa tabarma. In sallah ta zo Alhaji yakan ba Haladu aron mota ya je gida, yara su bi ta da gudu, su dai sun san motar Darakta ce. Na kira shi gefe na ce, “Haladu, ka ji tsoron Allah. Zanen aro ba ya rufe katara.”

Ya yi dariya ya ce, “Sabiru, ai ba ƙarya na yi ba. Gaskiya ce ɗanya, jira nake ta nuna. Bayan kaka in na karɓi shagon Babura, wa zai ce na yi ƙarya?”

Na ce, “Da maganar yaro fa?”

Ya ce, “Ina Kawu zai sake ganin Alhaji?”

Gero ya fara nuna ke nan Inna Tasalla ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya goce, ta kwanta. Da Alhaji ya ji sai ya ce a shirya mota, zai je dubiya. Ya ƙara da cewa, ina tsaye a wurin, “Dama ina so in je. Ba a sallamar yaro a bayan idon iyayensa. Zan gaya mata da bakina, ta sa maka albarka, in kaka ta wuce ka tare a Babura.”

Wani zai yi tsalle. Haladu kuwa sai ya shiga neman hana tafiyar. Ya ce hanya ta lalace, Alhaji ya ce ba da ƙafa za mu ba. Ya ce jikin ya yi sauƙi, Alhaji ya ce to sai a yi mata barka. Ni aka ce in raka su tunda ƙauyenmu ne. A hanya na buɗe baki ya fi a ƙirga, ina mayarwa. In na faɗa wa Alhaji na kashe Haladu, in na yi shiru ga ramin nan muna nufarsa da gudu. Haladu ya raɗa mini cewa da mun isa zai riga kowa shiga ya ja Kawu gefe. Na riƙe wannan a zuciyata, don ba ni da wani abin riƙewa.

Ba mu samu wannan damar ba. Ƙarar mota ta riga mu isa, muka tarar da ƙofar gida cike da masu dubiya, Kawu Daudu a gaba yana cewa, “Darakta ya iso! Sannu da hanya, Darakta!” Ya leƙa bayan mota ya ga buhun shinkafa da jarkar mai da Alhaji ya sayo, sai ya juyo ya dubi Alhaji. “Baba, sannu da ƙoƙari. A sauke kayan maigida a shiga da su ciki.”

Alhaji ya dubi Haladu. Ba harara ba ce, kallon mai jiran bayani ne. Magana ɗaya ta isa a nan: Kawu, wannan ubangidana ne. Na ga leɓen Haladu ya motsa. Sai ya dubi mutanen da ke miƙo masa hannu bibbiyu, ya sunkuyar da kai. Na yi wuf na saɓa buhun, ina fatan in haɗa da jarkar, amma Alhaji ya riga ni. Ya ɗauke ta ya bi bayanmu.

Inna Tasalla tana kwance a rumfar ƙofar ɗakinta, ta rame ƙwarai. Aka shimfiɗa wa Haladu darduma, ya ƙi hawa, ya durƙusa a ƙasa. Kawu ya ce, “Kun gani ko? Arziki bai sa masa girman kai ba.” Alhaji aka tura masa kujera 'yar tsuguno. Ya zauna ya gaishe ta da jiki cikin ladabi, ta ɗago kai tana dubansa.

“Malam, kai ne kake tare da Maikasuwa? Daudu ya ba ni labarinka. Ya ce tun da sassafe kake share masa bakin shago. Allah ya biya ka, Allah ya ba ka ikon riƙe masa amana.”

“Amin, Inna,” in ji Alhaji.

Da ta tsaya nan, da wataƙila an samu abin ɗinkewa. Amma Inna Tasalla mace ce mai tausayi, ta san zafin yi wa wani bauta. Ta juya wurin ɗanta.

“Maikasuwa, roƙo ɗaya zan yi maka, ban sani ba ko zan tashi. Dubi wannan bawan Allah, ya isa ya haife ka. Bai kamata a ce har yanzu yana duƙawa da tsintsiya ba. Ka sallame shi. Ka ba shi ɗan abin da zai riƙe kansa, ya je ya huta cikin iyalinsa. Haƙƙin yaro ba ya barin ubangida ya ga daidai. Ka ji ko?”

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Haladu yana durƙushe, hawaye na ɗiga a kan shaddar da na ɗinka masa, mutane na cewa Allah sarki, tausayin uwa ne. Kowa yana jiran amsarsa. Da ƙyar ya ce, “To, Inna.”

“Yaushe?”

“Bayan kaka.”

Na saci kallon Alhaji, ina jiran ya fasa ƙwan. Bai fasa ba. Cewa ya yi, “Ki sa masa albarka kawai, Inna. Tun da muke tare bai taɓa cutata da ƙwayar zarra ba.” Ta yi ta sa albarka har muryarta ta dushe. Da za mu tafi ta sa aka kamo zakara aka ba Alhaji, ta ce ya kai wa iyali su ma su ɗanɗana. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Muka kamo hanya, Alhaji na gaba da zakara a cinya. Sai da duwatsun Kazaure suka fara bayyana Haladu ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya fito ya zagayo ya zube a ƙasa ta wajen ƙofar Alhaji. “Ranka ya daɗe, ka yafe mini. Sharrin baki ne.”

“Tashi, Darakta, kar ka ɓata shaddarka,” in ji Alhaji. “Na je in gaya wa mahaifiyarka zan sallame ka, na tarar ashe ni ne mai jiran sallama. To ni ban taɓa jin inda yaro ya sallami ubangidansa ba. Mu je, la'asar na wucewa.”

Bai kore shi ba, kuma ni a ganina da korar ta fi sauƙi. Washegari da safe dai Alhaji ya jingine tsintsiya a jikin ƙofa ya zauna, Haladu ya ɗauka. Tun daga ranar shi ke shara.

Na ɗauki limamin unguwarmu muka je ban haƙuri. Alhaji ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, “Malam, ni na yafe. Ƙaryar hoto ba ta dame ni ba, ƙuruciya ce. Amma na dube shi a ƙofar gidansu, ya ga ina dubansa, ya bar ni na ɗauki jarka. Sharaɗina ɗaya ne. Ya je gaban tsohuwar nan ya gaya mata ko ni wane ne. Ranar da ya faɗa, a zo a yi maganar shago.” Liman ya ce wannan ai adalci ne. Ni ma na san adalci ne.

Haladu ya je, ba sau ɗaya ba. Yanzu a kan acaɓa yake zuwa, ya ce wa mutane mota na wurin gyara. Sau ɗaya na bi shi don in ƙarfafa masa gwiwa. Muka tarar Inna ba ta ƙara takawa ba, daga ɗaki sai rumfa, mata na zaune kewaye da ita. Tana ganinsa fuskarta ta washe, ta ce wa matan, “Ga shi nan. In ba don shi ba, wa zai san ina raye a garin nan?” Na taɓa shi da gwiwar hannu. Ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja, na gane ba zai iya ba. In ka tambaye ni ko ni zan iya, ban sani ba.

Kaka ta zo ta wuce. Alhaji ya bar shagon Babura a rufe har aka fara sharar gona, sannan ya miƙa mabuɗin ga wani yaronsa Halliru, wanda Haladu ne ya koya masa bambance taki mai kyau da na algus. Haladu da kansa ya tuƙa motar da ta kai kayan. Ya daina ɗaukar hoto, ya daina kawo mini sabon ɗinki sai gyara, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Raina yana ɓaci in na dube shi, wani lokaci haushinsa nake ji, wani lokaci tausayi, kuma duka biyun ba su taɓa amfana masa komai ba.

Ranar kasuwar Gwiwa Kawu Daudu kan kira shi ya haɗa shi da Inna. In wayar ta shigo sai ya tsallako kwata ya shige shagona, don kada Alhaji ya ji. Jiya ma da safe haka aka yi. Na tsayar da keke, ina jin muryarta ƙasa-ƙasa tana tambayar lafiyarsa da ta iyali da kasuwa. Sannan ta zo kan tambayar da ba ta taɓa mantawa.

“Maikasuwa, ka sallami bawan Allahn nan kuwa?”

Haladu ya dubi tsallaken kwata, inda Alhaji ke zaune a kan benci yana jan carbi.

“Bayan kaka, Inna,” ya ce.

Ya sa wayar a aljihu, ya tsallaka ya ɗauki tsintsiyar daga inda ya jingine ta.