Kawu Maccido a Gangaren Mambila

Duk wanda ya ce maka Kawu Maccido mahaukaci ne, ka turo mini shi. Ƙanen mahaifiyata ne, mai gyaran keke a bakin kasuwar Tambuwal, ɗan siriri, ga surutu, ga wata dariya da ake jiyowa tun daga rumfar mahauta. Boko bai yi ba, gona kuwa sai an yi da gaske yake leƙawa. Shi dai a bar shi da ƙarfe. Shekarar da aka sami 'yancin kai, wani Bature da zai koma gida ya bar mushen babur a bayan gidansa. Kawu ya turo shi har rumfa, ya yi ta kwancewa yana ɗaurawa, har ranar da abin ya yi tari ya tashi. Ranar awakin kasuwa sun ga ta kansu.

To ga abin da ya kai shi dutse. Mahaifina Jumare makiyayi ne a Fakku. Ina ciki ya kora shanu, nasa da na mutanen gari da aka ba shi kiwo, ya bi wasu Fulani da suka ce akwai wata ƙasa can gabas bisa duwatsu, wai Mambila, inda ciyawa ba ta ƙarewa. Tun da ya tafi shiru kake ji. Har na yi wayo ban san fuskar ubana ba. Dattawan gidanmu suka gaji, suka ce da ruwan shuka ya sauka za su je gaban alƙali a raba auren, tunda ba a san ko yana raye ba. Innata Bara'atu ta kafe, ta ce sai wani ya je ya gano da idonsa. Suka ce to wa zai je?

"Ni nika zuwa," in ji Kawu.

"Da wanga tarkace?" in ji wani dattijo. "Ko nan garin Jabo ba shi kai ka."

Ai kamar sun zuga shi. Ana gama kaka ya ɗaure garwar fetur a baya, ya rataya buta da ƙunshin ƙuli-ƙuli, ya taka babur, daga shi sai 'yar rigar shan iska. Inna ta bi shi da addu'a har ƙararsa ta ɓace.

Labarin hanya kuwa mun sha shi har mun haddace, don har ya tsufa bai daina ba da shi ba, yana yi yana tashi tsaye. Gusau, Zariya, Jos, ya ƙetare Binuwai a jirgin fito yana rungume da babur, taya ta fashe ya cusa mata ciyawa ya ci gaba. Da ya isa gindin dutsen, mutanen wurin suka ce ya ajiye abin hawansa ya hau da ƙafa kamar kowa. Ina! Kawu ya ɗaga kai, ya ce hularsa ce ta faɗi, amma bai ga ƙarshen dutsen ba.

Mu fa abin da muke kira tudu a ƙasar Tambuwal, jaki ma ba ya sanin ya hau shi. Can kuwa hanya ce 'yar siririya ta naɗe dutse kamar rawani, hagu bango, dama rami. Babur ya fara haki, Kawu na taimaka masa da ƙafafu yana lallashinsa. Kunnuwansa suka toshe. Sai ga shi tsundum cikin gajimare, wanda mu muke hange a sama, shi ya buɗe baki ya sha! Da ya ɓullo bisa, ya ce wallahi sai da ya yi kabbara shi kaɗai: ciyawa kore shar iya ganinka, tudu bayan tudu, ruwa na gudu ko'ina, shanu sun yi ɓul-ɓul. Murna ta sa ya yi ta danna ƙaho ba kowa a gabansa. Sanyi ne ya dawo da shi hankalinsa, haƙora na kaɗawa ya nemi bargo a ruga ta farko.

Daga nan ya shiga bin rugage yana tambayar Jumare Basakkwace. Ko'ina sai a ce, "Ai jiya ma yana nan." Har wata tsohuwa ta ji tausayinsa ta faɗa masa gaskiya. Ciwo ya cinye shanun mutane a hanya, kunya ta hana Jumare komawa, ya rantse ba zai taka Fakku ba sai ya mayar da kowace saniya. Ƙarar babur kuwa tun daga nesa yake jin ta, sai ya kora dabbobinsa ya faɗa wani kwari. Kawu ya ji kamar ya yi kuka don haushi. Fetur na ƙarewa, lokaci na tafiya, ga yayarsa na jira.

A nan ya tafka irin tamu. A ƙasarmu duk mai babur da ya ga ɗan gangare kashe inji yake yi, ya fitar da giya, ya silale, don tattalin mai. Kawu ya zo kan wani gangare mai tsawo, ya ce madalla, ga tattali, ga shi kuma Jumare ba zai ji zuwansa ba. Ya kashe. Da fari daɗi kamar me, iska na kaɗa bargo, har waƙa yake yi. Can gudu ya wuce misali. Ya taka birki, ya matse, birki ya yi zafi ya fara ƙauri, ya saki gaba ɗaya. Ga kwana a gaba, ga rami! Kawu ya yi salati ya karkata cikin ciyawa, shi da babur suka yi ta mirginawa har bakin rafi. Ƙafa ta karye.

Makiyaya suka ɗauke shi zuwa ruga, aka kira mai ɗori. Kafin ka ce me labari ya zaga tuddai, wai wani mutumin Sakkwato ya faɗo da dokin ƙarfe. To mutum zai iya guje wa mai nemansa, amma a ce ɗan garinku, ƙanen matarka, yana kwance a baƙuwar ƙasa ka ƙi zuwa dubiya? Wannan ko Jumare bai iya ba. Da hantsi sai ga shi a bakin bukka da ƙwaryar nono, kai a sunkuye.

"Sannu, Maccido."

"Sannun mi?" in ji Kawu, don dama akwai wasa tsakaninsu. "Sai da ni karye kaz zo? Da na sani tun gindin dutse nika karya ta! Zamna nan. Da ruwan shuka za a kashe aurenka, kuma kana da ɗiya wadda ba ta san ka ba."

Baba ya zauna. Kawu ya ce bai taɓa ganin babban mutum ya yi kuka haka ba sauti ba.

Ƙafa ta warke, ya gyara babur, ya sauko dutsen a giyar farko inji na ihu, ya ce ko man duniya zai ƙare ba ya ƙara kashewa. Hadari ya fara haɗuwa ranar da muka jiyo ƙararsa a Fakku. Gari ya fito. Inna ta leƙa ta ga ba kowa a bayansa, sai ta zauna daɓas a ƙasa.

"Tashi, Yaya!" Kawu ya ƙwala tun bai tsaya ba. "Shina raye! Shina tafe da ƙafa, shi da shanun mutane. Ya ce ko an yanka shi ba shi hawan wanga abu!"

Guɗa ta tashi, zancen alƙali ya mutu a wurin.

Sai da gero ya kai gwiwa Baba ya iso. Aka tura ni gabansa. Ni 'yar fari ce, a al'adarmu ba zai kira sunana ba, ba zai ma dube ni a gaban mutane ba. Ya gaisa da kowa, ya zo zai wuce ni yana kallon wani wuri. Sai na ji an cusa mini igiya a hannu. Wata 'yar maraƙa ce ja a ɗaure, hannunsa kuma yana bisa nawa.