Mai Doki ta Sodangi Bakanike

Duk wanda yat tashi Ƙaura Namoda ya san Sodangi bakanike, wanda garejinshi ke bayan tashar jirgi. Wanda bai san shi ba ma ya san motarshi, Mai Doki.

Ja ce, ƙirar Amirka. An ce tun kafin yaƙin basasa anka ƙera ta. Ƙofa biyu gare ta, gabanta dogo, bayanta guntu, ga ɗan dokin ƙarfe shina gudu a goshinta. Fulogi takwas. In ta tashi, sai ka ji ƙarar cikin ƙirjinka. Ta fi raƙumi shan ruwa wajen mai, kuma ƙasa-ƙasa take, ba ta son rami ko kaɗan.

Wani Baturen injiniya na reluwe yaz zo da ita. Sodangi na saurayi lokacin, shi ka wanke ta, shi ka canza mata mai. Da Bature zai koma gida, sai yam miƙa mishi makulli, yac ce babu mai jin maganarta kamar shi.

Shekara arba'in da wani abu tana hannunshi. Bai taɓa ɗaukar fasinja da ita ba. Amare dai ta kai su da yawa, in gidan na bakin kwalta. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya tashe ta, ya ɗora tahin hannu bisa bonet, ya saurara. Da kunne yake gane ciwonta.

To, sai yanar ido ta kama shi. Ɗiyarshi Bilkisu tac ce sai ya taho Kano an yi mishi aiki. Ga damina ta kusa, rufin gareji na zuba. Sai ya kai Mai Doki Shinkafi wurin amininshi Tsoho, direban a-kori-kura mai ɗauko hatsi daga Kasuwar Daji. Tun suna 'yan kamasho suke tare, kwano guda suke ci. Sodangi ya roƙe shi abu guda: ya riƙa tashe ta ran Juma'a, kada ta yi sanyi.

Aiki bai yi ba. Wata bakwai yay yi Kano, yad dawo ba ya ganin ko tahin hannunshi.

Ran Juma'ar da ta biyo, Tsoho ya kawo mota da kanshi, an wanke ta tas. Mutane sunka taru ana barka da dawowa. Tsoho na ta tsokanarshi, wai makaho ya zo karɓar amaryarshi. Sodangi ya yi dariya, ya lalubi bonet, yac ce a tashe ta.

Anka tashe ta. Hannunshi bai daɗe bisa ba ya ɗauke. Yac ce a buɗe mishi. Babu wanda ya motsa, sai shi da kanshi ya lalubo marikin ya ɗaga. Ya bi wayoyin fulogi da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Huɗu.

"Tsoho, ina injinta?"

Tsoho ya yi ta kewaye-kewaye. Daga baya yac ce injin a-kori-kurarshi ne ya buga tsakiyar kaka, ga hatsin mutane jibge, sai ya ari na Mai Doki. Wanga da yas saka mata na ƙaramar mota ne, kuma lahiya lau yake.

"Haba Sodangi, kai da ba ka ganin hanya, mi za ka yi da takwas? Tashi dai kake so ta yi, ga ta ta tashi."

Sodangi yac ce to a maido mishi kayanshi. Nan Tsoho ya sunkuyar da kai. Ashe injin ya tsage tun tuni kan hanyar Gurbin Bore, da buhu talatin a bayanshi, an kai shi wurin 'yan gwangwan. Kuma duk mutanen da ke tsaye nan sun sani. Sun haɗa baki ne kada a tada hankalin marar lahiya.

Anka ba shi shawara ya kai ƙara wurin alƙali, ya ƙi. Ya sa anka tura mota cikin gareji, ya kulle, bai ƙara tashe ta ba.

Tsoho ya zo ban haƙuri har sau ukku, sau guda ma da liman. In ya yi sallama Sodangi kan amsa, don amsa sallama wajibi ne. Daga nan ba ya ƙara ko kalma, har baƙo ya gaji ya sa takalminshi. Haka sunka zauna shekara huɗu, har Sodangi ya rasu bara.