Kakana ba ya buga ƙofa

Jiya a filin jirgi ina jan jakunkunan alhazai, na ji wata mata tana yi wa ɗanta faɗa da Faransanci. Sai kakana ya faɗo mini a rai.

Shi mutumin Chadi ne, gadin gonar dabino yake a unguwar Awali, nan ƙasa mai tsarki. Tunda nake ban ga ya buga ƙofar kowa ba. Daga nesa zai tuɓe takalmi, ya yi gyaran murya, sannan ya yi sallama.

Wata rana da na gudu daga makaranta na same shi a inuwa da wani littafin yaƙi na Faransanci, yana warin ƙura da gahawa. Na ce, "Kaka, wa ya ci yaƙin?"

Ya ce, "Kai, ja'iri, masu irin waɗannan littattafan ba su rubuta wanda ya ci ba. Na Faransa da na Holan duk abu ɗaya suke faɗa: ƙarar takalmin soja a matakala, sai bugun ƙofa, sai uwar gida ta zuba wa baƙon abinci ba don tana so ba. Ni ma na ji wannan bugun a gidanmu can Chadi."

Yanzu abokina Haruna ya dame ni mu tafi yaƙi a Sudan, wai akwai bindiga da takalmi sabo. Na ce masa to. Tun jiya nake ganin ƙafata cikin takalmin nan a ƙofar wata uwar gida.

Yau na je gidansu, na tsaya daga nesa na yi sallama. Na ce, "Halas, shi ke nan, Haruna, ba ni zuwa."

Allah Ya sa kabarinka shiru, Kaka, kada wani taku ya firgita ka.