Launin Uwar Auta

Kafin hoto mai kala ya shigo gari, duk wanda ya ɗauki hoto baƙi da fari ake miƙa masa. In yana son launi, dole ya bi ta hannun Mai Buroshi. Wurin aikinsa wani ɗan lungu ne a bayan shagon mai ɗaukar hoto: tebur ɗaya, taga ɗaya, da ƙananan kwalabe jere a kan katako. Buroshinsa siriri ne, in ya lashi bakinsa bai fi tsinin allura ba. Da shi yake mai da riga shuɗiya, ya sa wa labulen baya kore, ya ɗiga wa ɗan kunne ruwan zinariya ko da na roba ne. Wani farar rigar aro ya sa, amma zai ce a yi masa ita ruwan goro, tunda riga ba ta da bakin ƙaryata shi.

Riga dai ba ta taɓa zama abin damuwa ba. Fuska ce. Kusan duk wanda ya miƙo hotonsa sai ya sunkuyo ya rage murya, kamar mai neman maganin basir, ya ce, "Malam, a ɗan haska ni." Maza da mata, har dattawa masu furfura. Tun ana faɗa har ya zama ba sai an faɗa ba. Yana da kwalba ta musamman, haɗin fari da ɗan ja da ɗigon rawaya, kuma kullum ita ke fara ƙarewa. In ya kuskura ya bar mutum yadda Allah ya yi shi, sai a dawo da hoton a ce aikin bai fita ba. Shi kuwa bawan Allah bai iya musu ba, ko ruwan randa ka ce masa ya yi gishiri zai ce haka ne.

Matarsa baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi da ba ya neman taimakon kowa. Hoto ɗaya tak ta taɓa ɗauka, lokacin tana goyon 'yarsu, wadda ake kira Auta ko da yake ita ce 'yar farko ma. Ran da aka wanko hoton ta zo ta tsaya masa a ka.

"Kowa kana gyara shi, ni ce ba za ka gyara ba? Ko don ni ta gida ce?"

"Ke ai ba kya bukata," in ji shi.

"Kai dai haska ni, ka ajiye daɗin bakin nan."

Ya haska ta. Duk gwanintar da yake raba wa baƙi ya tattara ya zuba a wannan fuska, har ta fito fara tas da ɗan ja a kumatu. Ta yi ta dariya tana cewa yau ko uwarta sai ta tambayi wace ce wannan. Aka sa a firem aka rataye a falo. Auta ba ta kai ga iya magana ba wani ɗan gajeren ciwo ya ɗauke uwar.

Daga baya injin kala ya zo, sana'ar ta mutu ba ko jinya. Mai ɗaukar hoto ya share tsofaffin fina-finan hotuna ya zubar a bola, har da na matar, ya mai da lungun wurin ajiye kaya. Mai Buroshi ya koma rubuta allunan shaguna da fentin ƙyauren gidaje, yana rainon 'yarsa. A ƙarƙashin hoton nan Auta ta girma. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ɗaga kai ta dubi bango, ta sauke ta dubi yarinya, ta ce, "Oh, uwa fara sol haka! Ke kuwa uban kika kwaso, ba ki yi wayo ba." A yi dariya. Shi ma yana ji yana murmushi, a zatonsa wasa ne. Ba wasa ba ne ga wadda ake yi wa, amma wa ke tambayar yaro abin da yake haɗiyewa?

Da Auta ta girma ta samu aiki a wani kantin sayar da yadi, sai ta shiga shafe-shafe. Da farko uban bai lura ba. Sannu a hankali fuska ta yi haske, gaɓoɓin yatsu suka ƙi bi, kumatu suka ƙone suka yi jajir, jijiyoyi suka fito kore a hannu. Wata rana ƙarfen teburin kantin ya karce ta a ƙwauri, ɗan ciwon da yaro ba zai yi wa kuka ba, amma ya ƙi warkewa, kullum sai faɗi yake. A asibiti aka gaya mata fatar ta yi laushi fiye da kima, in ba ta daina man nan ba abin zai wuce ƙafa. Ta dawo gida, ta yi wanka, ta buɗe kwalbarta ta ci gaba.

Tsoro ya kama Mai Buroshi sosai. Ya zaunar da ita ya ce, "Auta, uwarki fa baƙa ce. Ke ce ita sak, har baƙin. Wannan farin ni na shafa mata da hannuna."

Ta dube shi da tausayi, abin da ya fi faɗa ciwo. "Baba, kar ka yi wa mamaciya ƙarya don ka lallashe ni. In baƙa ce, me ya hana ka faɗa tun ana yi min dariya?"

Sai ya tafi neman shaida, ya ɗauko yayar marigayiyar, wadda Auta ke kira Inna. Tsohuwar ta tsaya gaban hoton ta daɗe tana kallo, ta share ƙwalla da gefen mayafi.

"To, gaskiya ba za a kira ta baƙa ba," in ji ta. "Tana da haskenta. Ai ga ta nan, me ake musu?"

"Haba Yaya! Ɗaki ɗaya fa kuka tashi!"

"Shi ya sa na fi ka saninta."

Ya raka ta bakin titi. A hanyar dawowa ya tsaya jikin wani bango ya rufe ido don ya kirawo fuskar matarsa, ta gaske, wadda ya sani da safe kafin ta wanke ido. Wadda ta zo masa ita ce ta cikin firem, da jan kumatun da ya ɗiga.

Shaida ɗaya ta rage, tana ƙarƙashin fentin. Washegari da Auta ta fita aiki tana ɗingishi, ya sauke hoton, ya zare ƙusoshin bayan firem, ya shimfiɗa shi a kan tebur kusa da taga. Ya kawo auduga da ɗan ruwan ɗumi. Ya fara da gefen wuya, a hankali. Fentin ya motsa, wani duhu ya leƙo daga ƙasa, murna ta kama shi. Ya matsa zuwa kunci ya ɗan ƙara ƙarfi.

Takardar ta sha shekaru da damina a jikin bango, fenti da hoton sun riga sun zama abu ɗaya. Fatar hoton ta biyo audugar. Ya yi sauri ya danna don ya mayar da ita, sai ido ɗaya ya tafi, rabin baki ya bi shi. Duhun wuyan ma ya narke. Inda fuska take, farar takarda ce kawai ta rage.

A nan Auta ta dawo ta same shi zaune. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ajiye jaka ta dubi teburin, ta ce a hankali, "Ita ke nan gare ni fa, Baba."

Ta durƙusa da ƙyar saboda ƙafar, ta shiga tsince audugar da ta zube a ƙasa tana tarawa a tafin hannu.

"Duba jikinta," ya ce. "Baƙin yana nan a jiki, wallahi na gan shi. Duba ki gani."

Ta buɗe hannun suka duba tare. Fari da ja da baƙi duk sun cakuɗe sun zama ruwan toka, launin da ba na kowa ba.