Ranar da Inna Ta Shanya Mini Digiri

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a ina karatun kimiyyar sinadarai, malamai suka shiga yajin aiki, aka ce kowa ya kama gabansa. Na nufi ƙauyenmu a Beli, ƙasar Rogo, rungume da kwalba kamar mai kai wa majinyaci kunu.

Aikina na kammala digiri ne a ciki: wata siririyar leda da na shafe wata huɗu ina sarrafawa da asid irin na ruwan batir. A tsakiyar wani irin batir ake sa ta, wanda ake ba iskar haidurojin ya ba da lantarki, ita ce ke barin ƙwayoyin furoton masu ɗauke da cajin lantarki su ratsa. Sai dai ba ta aiki sai tana jiƙe, shi ya sa take kwance cikin ruwa. Ita kaɗai ta yi kyau cikin duk waɗanda na gwada. In ta lalace, shekarata ta tafi.

Mahaifiyata ta tambaye ni mene ne wannan. Ni kuwa boko ya hau mini kai, na ce, "Inna, ba za ki gane ba."

Lokacin kaka ne, gida duk shanya. Ran nan na dawo daga gonar gyaɗa na tarar da kwalbata a kife, an wanke ta tas. Ledar kuwa ga ta kan tabarma tsakanin kuɓewa da tattasai, an danne ta da dutse, ta takure ta dare gida biyu.

"Inna! Kin kashe ni!"

"Kwana tara abu yana cikin ruwa, ɗan nan, so kake ya ruɓe? Ai na tambaye ka."

Na zauna na yi mata bayani tiryan-tiryan, ta kuwa gane tsaf.

Ta ce, "Ashe kifi ne. To mayar da ɓari ɗaya ruwa, ka bar ɗayan a bushe, ka ga bambancin da idonka."

Da aka koma makaranta na auna su. Wadda ta sha ruwa ta farfaɗo, busasshiyar ko gezau. Babin da na rubuta a kan wannan gwajin malamina ya fi yabawa, har ya tambayi wanda ya ba ni shawarar. Na faɗa masa gaskiya.

Yau na daɗe ina koyarwa, kuma ban sake ce wa kowa ba zai gane ba. Kunyar maganar nan har yanzu ba ta sake ni ba. Inna kuwa, Allah Ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta in na zo gida bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: "Yaya kifin naka, yana dai samun ruwa ko?"