Jirgin Yaya Hamisu ya dawo gida

Jama'a, yau mun san inda Yaya Hamisu yake.

Yayana ne, mai gyaran rediyo a Titin Koudoukou. Kafin rikicin nan ya sayo jirgin ruwa na wasa, mai nutsewa, wanda ake tuƙawa da rimot. Guntu-guntu ya zo a kwali, shi yake haɗawa. Ranar da harbi ya ɓarke, ya ɗauki kwalin ya tafi unguwar Yakité neman wata wayar da zai sa wa jirgin. Wata biyar ke nan, ba shi ba labarinsa.

Ɗazu bayan azahar wani dattijo Kirista ya buga ƙofa, rungume da kwalin.

"Bara ala," ya gaishe mu da yaren Sango. "Sunana Firmin. Adireshin jikin kwalin na biyo."

Ya buɗe, ga jirgi a haɗe tsaf, shi ya ƙarasa shi. Ya sa a bahon wankinmu ya danna rimot. Wallahi ya nutse, ya zagaya, ya taso!

Sai Inna ta ce, "Bawan Allah, ina ɗana?"

Ya cire hularsa. "Mama, a ƙofar shagona harsashi ya same shi. Hanya a rufe, na kasa zuwa. Ni na binne shi a bayan gidana. Na juya fuskarsa gabas, yadda na ga kuna yi."

Inna ta yi salati, ta zauna a ƙasa. Can ta ɗago ta ce min, "Hajara, kawo wa baƙo ruwa."

Gobe da safe zai kai mu kabarin. Ku sa Yaya a addu'a.