Rumbun Ingilishin Kawu Nomau

Duk wanda ya zauna da Kawu Nomau ya san bai taɓa zubar da komai ba. Ashana sai ya tsaga ta biyu da aska kafin ya ƙyasta. Takalmi in ya mutu ya zama igiyar guga, igiya in ta mutu ta zama dabaibayin jaki. Inna, wadda take ƙanwarsa, takan ce ko atishawa Nomau ya yi sai ya duba ƙasa ko wani abu ya faɗi. Ku da kuka san shi kun san ban ƙara gishiri ba. Mutumin nan ya gajiyar da mu, wallahi, ni kuwa ya fi gajiyar da ni.

Da ƙuruciyarsa ya sha kora shanu a ƙafa daga nan Dakoro har Ikko. Abin da ya dawo da shi ciwon gwiwa ne, da buhun gwangwanaye marasa komai a ciki, sai kuma sarauta. Wai wata rana shanunsa suka tare hanya, wani Baturen Ingila ya leƙo daga mota, ya nuna shi da yatsa, ya daka masa tsawa: "Buladi ful!"

"Gaban kowa hwa ya naɗa ni," in ji Kawu. "Ga Hulani, ga Yarabawa, amma ni ɗai ya zaɓa."

Tun daga nan, in ka gaishe shi ba ka ce Buladi ba, ka yi da bango. Har gardin kumandan, wato dogarin Baturen mulki, sai da ya koyi faɗa kafin Kawu ya yarda ya amsa kira.

Ni kuwa a lokacin ina koleji a Yamai, zamanin Faransa, ina shekarar ƙarshe. Faransanci na iya, lissafi ba laifi, amma Ingilishi, wanda muke ce wa Angile, ya tsaya mini a wuya. Mushe, malaminmu na Angile, ya gaya mini ɓaro-ɓaro: in na faɗi Angile a jarrabawa, sai in tattara in koma kiwo. Na dawo hutu jikina a mace. Inna ta yi kuskuren faɗa a gaban Kawu.

"Ingilishi? Kuna da rumbu cikin gida kuna kukan yunwa? Sanda, gobe ka same ni bakin rijiya."

Kun san rijiyoyin ƙasar nan, sai ka ja igiya har ka manta abin da kake ja. Ni ke ja, shi yana zaune a inuwa. Sai da awakinsa suka ƙoshi, tafin hannuna ya yi jawur, sannan ya nuna kwamin ruwa.

"Wanga, wata."

"Wata mi, Kawu?"

"Ruwa, sakarai! Sunanshi ke nan, wata."

"To shi watan da ke sama hwa?"

"Mun."

"Mun yi mi?"

Sai ya dafe kai. "Innalillahi! Ta gobe ce ka sa na hidda. Gobe ba karatu, amma ka zo ban ruwa."

Haka muka yi ta yi. Kalma ɗaya a wuni, kamar mai awon hatsi a shekarar fari. In na roƙi ƙari sai ya ce Ingilishi ba fura ba ce da za a kafa kai a shanye. Na ce masa jarrabawa tana tafe, ya ce jarrabawa ba ta san wahalar da ya sha kafin ya tara ba.

Karatu kuwa a jikin gwangwanaye muka yi shi. Kawu bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma shi ke gyara mini. Zai zazzage buhun nan, ya miƙo mini gwangwanin madara mai tsatsa, ya rufe ido yana saurare.

"A'a! Ka sa hanci. Hanci na Hwaransa ne. Ingilishi cikin baki ake juya shi, kamar ka kai lomar tuwo da zahi kuma surukinka na kallo."

Na karanta gwangwanin madara, na karanta na kananzir, na karanta kwalin sabulu har na iya su kamar Fatiha. Wata rana na ce masa wannan na karanta shi jiya. Ya ce, "To ya ƙare ne? Ai rubutun na nan."

Kalma ɗaya ce ya hana ni. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa bayan shanu, amma duk sanda na ce, "Kawu, saniya hwa?" sai ya tuna jakinsa bai sha ruwa ba. A littafinmu na lakkol, wato makaranta, na san yadda ake rubuta ta, amma Mushe Bafaranshe ne, yadda yake faɗinta ban taɓa kamawa ba. Sai ranar komawata, na riga na hau bayan kamyo, babbar motar kaya, ya jawo kunnena har na kusa faɗowa.

"Kau," ya ce a hankali.

"Na'am?"

"Ba kiran kaina nike ba! Saniya. Haka marasa kunyan ke ce mata. In uwarka ta ji, ban yahe ba."

Na yi dariya har muka wuce gari. Shi kuwa yana tsaye da sandarsa, ko murmushi.

Ranar jarrabawar baki, na shiga na zauna. Tambayoyin farko na yi ta kame-kame, na ga mai jarrabawa ya fara hamma. Sai ya jawo wani hoto ya ajiye gabana, ya ce in faɗi abin da na gani. Saniya ce tana shan ruwa! Na cire hanci, na kai lomar tuwon nan mai zafi, na ce kau tana shan wata, na haɗa da madarar da take bayarwa yadda gwangwani ya koya mini. Mutumin ya daina hamma. Na ci, da ƙyar da jiɓin goshi, amma na ci.

Kafin in baro Yamai na tambayi Mushe ma'anar buladi ful. Ya tuntsire da dariya, ya ce zagi ne, wawa na ƙarshe ke nan. Duk tsawon hanya abin yana cin raina. Na ji haushin Baturen, na ji kunyar duk ranar da na kira Kawu da sunan.

Na iske shi kwance a rumfa da hantsi, ciwo ya cinye shi, muryarsa ta dushe.

"Ka ci?"

"Na ci, Kawu."

"Saniya ta hito?"

"Ta hito."

"Ka gani. To sarautata hwa? Na san ka tambayo, bakinka ba ya zama."

Na sunkuyar da kai, na ce, "Wai babban mutum."

Ya harare ni. "Ja'iri. Wawa ya ce mani. Tun ranar na gani cikin idonshi. Abin da ya ƙona mani rai, hula na tuɓe na ce na gode, don ba ni da abin maida mashi."

"To, Kawu, don mi ka riƙe ta shekara da shekaru?"

"Kyauta na same ta. In zubar?"

Na yi dariya hawaye na zuba, shi ma ya yi har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya kamo tafin hannuna, wanda igiyarsa ta yi wa kanta, ya ce, "Rumbu ya ƙare, Sanda. Amma kai kam ba mai zagin ka kana godiya."

Bai ga kakar wannan shekarar ba. Buhun gwangwanayen yana ɗakina har yau, na kasa zubarwa.

Allah Ya jiƙan Kawu Nomau, Ya hutar da gwiwoyin nan da suka gaji. Ya ba shi ba da awo ba, Ya kira shi da suna mai kyau.